Lagireton Motar Kawu

Duk wanda ya taɓa shan kunu da zafi ya san aikin lagireto, ko bai taɓa buɗe gaban mota ba. Ka bar kunu a ƙwarya, sai ka gaji da jira. Ka juye shi a faranti mai faɗi ka ɗan fifita, yanzu-yanzu ya huce. To shi ke nan fa. Ruwa ya zagaya inji ya kwaso zafi, ya hau tankin sama, ya gangaro ta cikin bututai, iska ta ratsa tsakaninsu ta kwashe zafin, ya koma inji da sanyinsa. Ni ba wanda ya koya mini wannan. A bayan garejin Jimeta na gano shi, ina farke matattun lagireto da almakashin gwangwani. Ranar da na gane, har mai sayar da rake sai da na tsare na yi masa bayani.

Ina faɗin haka ne don a san abin da na ƙera ba wasan yara ba ne, ko da yake haka ake cewa yanzu a Jimeta, daga unguwar Limawa har Rumde.

Lokacin yaƙin basasa ne, ba a daɗe da mayar da mu Jihar Arewa maso Gabas ba. Jiragen ruwan da kan hawo Binuwai da damina sun daina zuwa, masu shagunan kayan mota da yawa sun rufe sun tafi. Ƙusa ma sai ka aika Jos ko Maiduguri, can ɗin ma sai an dace. Kawuna, ƙanin Dada mahaifiyata, yana da lori ɗaya mai bodin katako. Da ita yake ci da gidansa, da ita yake ci da namu tun rasuwar mahaifina. Tana kai gishiri da kananzir Mubi, ta dawo da gyaɗa. Lagiretonta ya sha liƙi har babu sauran wurin liƙi, da bazara kuwa kafin ta kai Song ta tafasa ta tafasa, ana tsayawa ana ba ta ruwa kamar marar lafiya.

Direbanta dattijo ne, kowa Bappa yake ce masa. Tun kafin a haife ni yake tuƙi. Kuma shi ne mahaifin matar Kawu. Kawu ne mai mota, amma ko ido ba ya haɗawa da shi, in ya hango shi tun daga nesa yake cire takalmi.

Bappa yana da ƙullin garin kuka a tsumma, kullum yana ƙarƙashin kujerarsa. Kafin doguwar tafiya sai ya buɗe murfin lagireto ya zuba. Ba shi kaɗai ba, duk direbobin tasha haka suke, wani ƙwai yake fasawa a ciki, wani barkono, wani garin taba. Kuka tana yauƙi, ta bi ruwa ta je ta toshe inda ke yoyo. A tsohon lagireto mai manyan bututai tana wucewa abinta, shi ya sa ba wanda ya taɓa ganin laifinta.

Na daɗe ina damun Kawu ya bar ni in ƙera masa sabo. Wata rana da motar ta dawo a makare, gyaɗar wani ta sha ruwan sama a hanya, ya kira ni zaure.

"Kai da bakinka ba ya hutawa," ya ce, "je ka yi. In ta je Mubi ta dawo ba ta tafasa ba, rumfar nan ta gefen gareji taka ce, ni zan saya maka dalma da fitilar liƙi. In kuwa ba haka ba, ka tattara gwangwanayenka ka koma ƙauyenku Mbamoi, gonar ubanka tana neman hannu. Ka ji?"

Na ce na ji. Ƙafata ba ta taɓa ƙasa ba har gida.

Bari in gaya muku yadda na yi, don ko ba a yarda da ni ba, aikin ya cancanci a ji shi. A bakin kogi, inda jirage kan tsaya da, akwai ragowar wani mataccen jirgi, cikinsa cike da siraran bututan jan ƙarfe. Na yanko su, na gasa su a wuta har suka yi laushi. Sai in zura tsohon bakin zarto a cikin kowanne, in bubbuga da gudumar katako har ya baje, in zare zarton. Ka ga bututu ya zama faranti ke nan: ruwan ba shi da kauri, ko'ina yana taɓa ƙarfe. Da yake sun baje, inda tsohon ke ɗaukar ɗaya ni sai in jera biyu. Fallayen da ke tsakani, waɗanda iska ke bi, na yanko su daga matattun lagireto, na sassaƙa katako biyu masu haƙora, in sa falle a tsakani in danne, ya fito a lanƙwashe kamar an saya a kanti. Tankin sama da na ƙasa na tsohon ne na wanke na mayar. Sannan na yanka ganga na yi wa fanka wani irin kwando, don kada ta riƙa jan iska ta gefe, dole sai ta cikin lagireton. Wannan dabarar ma ban gan ta a wurin kowa ba.

Hannuna duk ƙuna, wandona duk ramukan dalma. Dada ta ce in ban daina tafasa ruwa a tukunyar tuwonta ba za ta kai ƙarata wurin Kawu, don gwaji nake yi: in zuba tafasasshe ta saman lagireton, in fifita da faifai, in tara hannu a ƙasa. Ranar da ruwan ya sauko hannuna ya iya jurewa, na kira ta ta taɓa.

"To, ya huce," ta ce. "Sai a dama maka kunu da shi."

Na toshe bakunan lagireton, na hura da famfon keke, na nutsa shi a kogi. Ko kumfa ɗaya bai fito ba.

Abu ɗaya ne ya hana ni barci. Bututaina sirara ne, faɗin bakin zarto. Ruwa mai tsabta zai bi su a guje, amma garin kuka ba zai bi ba. Na je na sami Kawu.

"Kawu, a gaya wa Bappa kada ya zuba kuka a wannan. Ba ya yoyo, ba ya bukata. In ya zuba, zai toshe, inji ya ƙone."

Kawu ya ja carbinsa. "Ni zan ce wa surukina kada ya yi?"

"To bari ni in gaya masa."

"Kai? Mutumin da ya fara tuƙi uwarka tana goye? So kake a ce gidanmu ba a koyar da kunya?" Ya sauke murya. "Bar shi, zan san yadda zan yi. Saƙo zai kai."

Daga baya na ji hanyar da saƙon ya bi. Kawu ya gaya wa matarsa. Ita ma ba za ta iya tarar mahaifinta da kalmar "kada" ba, sai ta gaya wa mahaifiyarta. Kowa ya karɓa sai ya ɗan goge masa kaifi, don ladabi. Ni ban sani ba a lokacin. Ranar tafiya, da hantsi, an gama lodi a Limawa, na je na durƙusa gefen ƙofar direba.

"Bappa, ko an isar da saƙona?"

"An isar, ɗana," ya ce, ya dafa kaina. "Zan kula da shi kamar ni na haife shi. Mota ba zai yi zafi ba, in sha Allahu."

Na roƙi Kawu in bi su, ya ce gaban mota na fasinjan da ya biya ne. Na bi su da keke har bakin kogi, na ga sun shiga layin jirgin fito, na juyo. A hanya har na tsaya a rumfar da aka yi mini alkawari, na auna inda zan kafa tebur.

Kashegari da la'asar wani direba da ya fito daga Mubi ya kawo labari tasha. Motar Kawu tana gefen hanya a hawan da ke gaban Song, inji ya kama, ko juyawa ba ya yi. Kafin in iso gareji labarin ya riga ni. Wani bakanike, mutumin kudancin lardi da muke wasa da shi, ya hango ni ya ce, "Injiniya, an ce tukunyarka ta dahu, saura tuwo." Aka yi dariya. Har lokacin ni ma ban san me ya faru ba. Na yi ta lissafin liƙina ɗaya bayan ɗaya, ina neman wanda na yi sakaci.

Da aka jawo motar, na kwance lagireton da hannuna. Ya yi nauyi fiye da yadda na ɗaura shi. Na narke dalmar tankin sama na ɗaga. Bakin kowane bututu a liƙe yake da wani kore-kore mai kauri, ya dahu ya daskare, har ƙanshin miya yake yi. Liƙina kuwa ko ɗaya bai saki ba.

Ina durƙushe a wurin sai ga Bappa. Ya rame a 'yan kwanakin nan, idonsa ja. Ya tsuguna kusa da ni, abin da bai taɓa yi ba.

"Ɗana, kada ka sa a ranka," ya ce. "Yaro ne kai, gaba za ka iya. Ni na yi iyakar ƙoƙarina. Da aka ce mini ka ce a kula maka da shi sosai don sabo ne, muna jiran jirgin fito na zuba masa kuka, har na ƙara a kan yadda na saba. Kukar ma sabon daka ne, goggonka, mai ɗakina, ta ba ni. Amma abin da Allah ya rubuta ba makawa."

Abin da ya isa kunnensa ke nan: a kula da shi sosai. Bakina ya buɗe, maganar tana nan a kan harshena. Na dubi furfurarsa, na dubi mutanen gareji da suka kewaye mu. Na ce, "Na gode, Bappa."

Amma Kawu ban ƙyale shi ba. Na ɗauki tankin na kai masa zaure, na ajiye a gabansa a kan tabarma.

"Kawu, duba."

Ya duba. Ya sa yatsa ya lakato, ya shinshina. Ya gane, na ga ya gane.

"Ɗauke wannan daga nan," ya ce.

"Kawu, ba aikina ba ne ya kashe motar. A gaya wa mutane."

"A gaya musu me? Cewa surukina ya ƙona mini mota? Matata ta ji da wane kunne? Dattijo ya rasa aikinsa, in ƙara masa da zubar da mutunci a tasha?" Ya goge yatsansa a gefen tabarma. "Kai yaro ne, in an yi maka dariya bana, baɗi an manta. Shi in aka yi masa, da ita za a binne shi."

"Rumfar fa?"

"Me muka yi da kai? Ta je Mubi ta dawo?"

Ba ta je ba, ba ta dawo ba. A nan bai yi ƙarya ba.

Injin bai gyaru ba, babu kayansa ko a Jos. Kawu ya sayar da motar wa masu farke-farke, ya koma sayar da hatsi a kasuwar Jimeta. Ba ya yi mini faɗa, ba ya kuma kallona. A gidansa, in an tashi ba da labarin yadda arziki ya karye, cewa ake yi "tun da yaron nan ya taɓa motar". Matarsa ma haka take faɗi, ita da saƙon ya bi ta bakinta. Rumfar an ba wani mai facin taya.

Baɗi ta zo, ba a manta ba. Har yau in na shigo Jimeta da buhun dawa a keke, sai wani ya ce, "Mai miya, yau me aka dafa?"

Ina Mbamoi yanzu, ina noma gonar mahaifina. Da rani, in aiki ya yi sauƙi, ina komawa kan bututaina a bayan rumbu. Na ƙera wani, ya fi na farko. A wuyansa, ƙarƙashin murfi, na liƙa 'yar rariya ta jan ƙarfe mai ƙananan huji, wadda ake cirewa a wanke. Ko an zuba kuka, ko ƙwai, ko barkono, a nan zai tsaya, ba sai an aika wa kowa saƙo ba. Na gwada shi da kukar Dada, ruwan ya sauko garau. Na zagaya da shi tasha a bayan keke, na nuna wa masu mota, na yi bayani har muryata ta dushe. Suna saurara, suna juya shi, suna cewa ya yi kyau. Ba wanda ya yarda in ɗaura masa.

Bappa ya sami wata lori, ta wani Alhaji a cikin Yola, yana bi ta hanyarmu ranar kasuwa. In ya hango ni a bakin gona yakan rage gudu ya leƙo.

"Ɗana, ana ta haƙuri?"

Ni kuma in ajiye fartanya in durƙusa, in ce, "Ana yi, Bappa. Allah ya kiyaye hanya."