Ragar Yaya Sale mai yatsa huɗu

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar yayana Sale, masunci a tafkin Lagdo, kuma bana ne na fara jin tsoron ruwan da ya ciyar da mu.

Yaya Sale akwai taurin kai, Allah ya jiƙansa. Kafin ya sayi raga sai ya zura yatsunsa a idonta. In huɗu ba su shige ba, ko kyauta ce ba ya so. Mu mata masu banda muna yi masa tsiya, wai ya fi tausayin kifi a kan ƙannensa. Shi kuwa giwan ruwa yake nema, wanda mutanen Garwa ke kira kafiten. Yakan ce ƙananan a ciyawar bakin gaɓa suke ɓuya, sai sun yi ƙwari su gangara zurfi suna farautar karfasa. Manyan nan kuma da sai mutum biyu ke ɗagawa, yawancinsu mata ne, su ke zuba ƙwai. In ƙarami ya zame ta idon raga, cewa yake ajiya ya yi.

Da zai leƙo yau, ban san me zai ce ba. Da gidan sauro ake tace bakin gaɓa, abin da ko tsinken tsintsiya da ƙyar yake shiga. A cikin tarkacen da ake kawo mana banda ina tsintar 'ya'yan giwan ruwa, tsawonsu bai kai yatsa ba. Da idonsu mai ƙyalli nake gane su. In an cinye waɗannan, wa zai girma ya yi ƙwai?

Babban ɗansa Isiyaku, magidanci mai iyali, shi ya gaji ragar. Kwanakin baya ya same ni ina hura wuta, kwandonsa wayam.

"Goggo, ragar Baba ruwa kawai take tacewa. Yara ba su karya ba. Kowa ya koma gidan sauro, ni kaɗai na rage."

Na ce ya ƙara haƙuri. Ya ɗauki kwandonsa ya tafi.

Abin da Yaya Sale ya bari ke nan, raga da ma'aunin yatsa huɗu. Jiya na shiga gidan Isiyaku, na tarar da ragar rataye a zaure, a bushe. Na zura yatsuna huɗu, suka shige kamar dā. Sai na leƙa ɗakin yaran. Ƙusoshin da ake ɗaura gidan sauro suna nan a bango, gidan sauron babu.