Giyar da Ta Jira Askale

Askale maƙwabciyata ce tun ina amarya a unguwarmu ta bayan cocin Maryamu, a Debre Markos. 'Yar katangar duwatsu ce tsakaninmu, ba ta kai ƙirji ba, don haka abin da ta dafa nakan sani, abin da ta ƙona ma nakan sani. Ranar da aka binne maigidana ita ta fara shigowa, ita ta kwana da ni har na saba da ɗaki. Allah ya ba ta zuciya mai kyau, sai dai bai haɗa mata da haƙurin jira ba. Takan ɗaga injera, wainarmu ta hatsin teff, daga kasko gefensa bai saki ba. Takan zuba gahawa garin bai kwanta ba. Ko a coci, Abba, firist ɗinmu, bai kai ƙarshen addu'a ba za ka ji amin ɗinta.

Haka take da tella, giyarmu ta sha'ir. Hannunta ya iya. Ta san yadda ake turara randa da itacen zaitun, ta san awon ganyen gesho mai ɗaci, tsiron sha'irinta kuma ba ya ruɓewa. Amma in an gama haɗi an yaɓe bakin randa da laka, ai sai a bar ta ta huta. Nan ne Askale take faɗuwa. Za ta ƙwanƙwasa, ta kara kunne, ta zagaya, can sai ta ɓalle yaɓen, wai dubawa kawai za ta yi. Kafin ka ce me, ta tace ta ɗura a kwalabe, giya tana tsaka da tafasa. Fara fat kamar kunu, ga zaƙi, wanda ya sha kuma cikinsa ya wuni yana magana.

Mu matan ƙungiyar Maryamu kowane wata ɗaya ce ke karɓar baƙi. A kai ɗan tulun ƙungiya gidanta, ta yi burodi, ta yi giya, Abba ya zo ya sa albarka. Wata shekara a gidan Askale, Abba ya ɗaga gicciye ke nan sai toshiyar wata kwalba ta tashi, fau, ta bugi rawaninsa. Yeshihareg, babbarmu mai baki, ba ta bar maganar nan ta mutu ba.

"Askale, bana da me za mu zo, da kofi ko da garkuwa?"

"Ki zo da bakinki, Yaya, shi ma ya isa toshe kwalba."

'Yarta ɗaya ce, Birtukan, tana aure a Bahir Dar. Ciki biyu ya zube mata. Da na uku ya tsaya, Askale ta je ƙofar coci ta durƙusa, ta yi wa Maryamu alkawari: in yarinyar nan ta sauka lafiya, a karɓar baƙinta ta watan Hidar za ta shayar da ƙungiya giyar hannunta, daga sha'irin gonarta, ba ɗigo ɗaya na wani gida. Ni ina gefenta, na ji.

Tana dawowa gida ta hau aiki, ta juye duk tsiron da take da shi. Na leƙa ta katanga na ce, "Ƙawata, Hidar fa da saura."

"In ta lalace in sake wata, Tiru. Hannuna ƙaiƙayi yake."

Washegarin da ta yaɓe randa aka bugo waya, naƙuda ta zo kafin lokaci. Ta yafa mayafi a baibai ta fita, tana ce wa maigidanta, Ato Demissie, "Kada ka buɗe min randa, ka ji ko? Jibi ina nan."

Ba ta dawo jibi ba. Sai da aka yi wa Birtukan aiki, yaron ya zo ɗan mitsitsi, uwar ta daɗe ba ta iya miƙewa. Wace uwa ce za ta baro su? Ta zauna har kwana arba'in suka cika aka yi wa yaron baftisma, ta ƙara wasu kwanaki a kai.

Shi Ato Demissie maginin laka ne, gwiwa ta sa ya ajiye aiki. Mutum ne da ba ya iya wuce tsaga a bango bai tsaya ba. Da safe ina shara sai in hango shi yana kwaɓa 'yar laka da ƙaiƙayin teff, ya shiga ɗakin randa. Rannan na kasa shiru.

"Baban Birtukan, ba ta ce a bar ta ba?"

"Ban buɗe ba. Yaɓenta ne ya tsage. Matar nan ko laka ba ta bari ta tsima."

Askale ta sauka daga mota saura kwana biyu a yi taro. Ta rame, idanunta sun faɗa. Gidana ta fara shigowa, da jakarta a hannu. Ta nuna min hoton yaron a waya, muka gode wa Allah, sannan ta zauna a bakin gado ta yi tagumi. Ban taɓa ganin ta zaune haka ba.

"Tiru, ta yi tsami, na sani. Sabon tsiro ba zai fito kafin jibi ba. Maryamu ta cika min nata, ni na kasa cika nawa. Da wane ido zan shiga coci?"

Muna cikin haka Yeshihareg ta faɗo, ta ji labarin dawowa.

"Barka, kakar jarumi! Ina da randa cike, a kwaso. Taki kuwa, in ta zama ruwan tsami, mu wanke tukwane da ita."

"Ba ɗigo ɗaya na wani gida, Yaya. Haka na faɗa."

Yeshihareg ta daina dariya. "To tashi mu gani. Zama ba zai mai da ta zaƙi ba."

Ɗakin randa yana bayan gida, gefen da rana ba ta kaiwa, sanyinsa har cikin ƙashi. Ato Demissie ya tura ƙofa. Mu uku muka tsaya. Kan randar ya zama wani ƙaton dunƙule, sumul, an shafe shi da tafin hannu har yana sheƙi.

"Wayyo Maryamu!" in ji Yeshihareg. "An naɗa wa randa rawani. Demissie, firist ka mai da ta?"

"Me ka yi min?" in ji Askale.

"Abin da na iya," ya ce, ya je ya ɗauko guduma.

Ya ɗaga ke nan ta riƙe masa hannu. "Dakata tukuna." Askale ce fa take cewa a dakata. Ta yi alamar gicciye, leɓunanta suna motsi, sannan ta sake shi.

Ya bi a hankali, ɓawo bayan ɓawo, sai da ya yi gumi kafin murfin ya bayyana. Na ja numfashi ina jiran warin tsami. Abin da ya fito ƙamshin gesho ne da hayaƙin zaitun, kamar ɗakin kakata ranar biki. Askale ta miƙo min ludayi, ni na ɗebo daga sama. Launin shayi, garau, ina ganin gindin kofin. Duk dusar ta kwanta a ƙasa abinta.

Na miƙa wa Yeshihareg, don ita ba ta san kara ba. Ta kurɓa. Ta juya a baki. Ta dubi rufin ɗaki.

"Yaya, ki yi magana mana!"

"Ƙaro min. Ban ji da kyau ba."

Sai Askale ta zame ta zauna daɓas a cikin ɓaraguzan laka, ta rufe fuska da mayafi. Kafaɗunta suna rawa, ban san ko kuka ne ko dariya ba, ina jin duka biyun ne. Ato Demissie ya tsaya da guduma bai san inda zai ajiye ta ba.

Ran nan muka wuni muna tacewa muna ɗurawa, har da kwalaben da za a kai wa tsofaffin da ba sa iya fita. Muka jera su jikin bango. Ko ɗaya ba ta yi motsi ba.

Ranar taro, Abba ya ɗaga gicciye, ɗaya hannun yana dafe da rawaninsa. Ya gama addu'a lafiya. Askale ce ta zuba wa kowa da hannunta, ta fara daga ɗan tulun Maryamu, ta ce, "Na kawo, Uwata. Kin ga na kawo."

Kada in yi mata ƙarya, ba ta canza ba. Jiya ma na ji ƙaurin gahawarta da ta zubo. Amma yanzu duk ranar da ta haɗa tella, Ato Demissie ne ke yaɓe randa, ya ja ƙofa, ya raka ta tasha. Ta tafi Bahir Dar ta goya jikanta.