Kunnen da Ke Duba Tukwane

A gidanmu, cikin tsohon garin Daura, yumɓu muka gada, kuma ba ni jin kunyar faɗa: a zamaninmu babu randar da ta kai tamu sanyi. Ranar gashin tukwane a bayan gari muke yini. Idan rana ta yi sanyi aka cinna wa karan wuta, ba sauran aiki sai jira. A nan ne kakata, Iya Dije, take miƙe ƙafa, ta goge toka daga fuskarta, ta ce, "Ku matso, wata tatsuniya ta iso." Mu ce, "Ta zauna mu ji."

Iya tana da doka guda. Wadda ta gina tukunya ba ita ke duba ta ba. Sai ta miƙa wa wata ta ƙwanƙwasa da ɗan yatsa, ta kasa kunne. In ta yi ƙara garau, kasuwa. In muryarta ta dushe, a fasa ta nan take. Na taɓa yin kuka kan wani kasko nawa, ta ce, "Yi kukanki, amaryar toka. Hannun da ya sha wuya ba ya jin tsaga."

A wannan yammacin ta ba mu labarin Ladi da yayarta Talatu. Ladi ce mai gini, Talatu makauniya ce, aikinta ƙwanƙwasawa. Kullum sai ta ware tukwane ta ce a fasa. Ladi ta gaji, ta ce, "Ke da ba ki taɓa kwaɓa yumɓu ba, kin fi kowa iya ɓarna." Ta sa aka kai ta ƙauye aka ajiye. Daga nan ita ke gini, ita ke dubawa, kuma kowane tulu daɗin murya yake mata.

Sai wata mata mai kiwo ta sayi tulu, za ta ratsa daji da 'ya'yanta da rani. Ashe tulun Ladi na da tsaga, siririya kamar gashi. Ruwan ya yi ta tsiyaya ba wanda ya lura, har suka yi nisa da kowace rijiya. Ƙaramin ɗanta bai kai da rai ba. Matar ta dawo, ta ajiye tulun a ƙofar Ladi, ta tafi. Tun daga ranar, duk abin da Ladi ta gina sai ta riƙa jin ɗigar ruwa a cikinsa.

A nan Iya ta ƙare labarin. Tashi ta yi ta gyara wuta.

Yanzu roba ta cinye sana'armu, na daina gini. Amma autana Habu ya yi karatu, ya samu aiki a wani kamfanin buga bulo a hanyar Mai'adua. Shi ne mai dubawa kafin a loda wa mota: ya kankare bulo da ƙusa, ya ɗaga shi ya saki, sannan ya sa hannu a takarda. Na yi ta yi wa maƙwabta fariya, ina cewa kunnen gidanmu bai mutu ba.

Wata rana ya shigo da guntun bulo a aljihu, ya murza a gabana, ya zube kamar garin tuwo.

"Inna, buhun siminti ɗaya suke ja ya yi aikin biyu. Manaja ya ce in sa hannu gobe, ko in ajiye musu aikinsu."

"To me kake jira in ce?"

"Yara huɗu gare ni, Inna."

"Na san adadinsu, ni na wanke su."

Na ba shi labarin Ladi, kamar yadda aka ba ni, har da muryar Iya. Ya saurara kansa a ƙasa. Washegari ya ƙi sa hannu, suka sallame shi, wani ya sa nasa kafin azahar, motar ta fita.

Yau shekara uku ke nan. Habu acaɓa yake yi tsakanin Daura da Sandamu, tari ya kama shi. An cire babbar 'yarsa daga makarantar da take so. Matarsa Rabi tana durƙusawa ta gaishe ni, amma ba ta ɗaga ido. Ran nan na ji tana ce masa, "Ai sai a dafa tatsuniyar a ba yara." Sai a lokacin na tuna ban taɓa tambayar Iya abin da Talatu ta ci a ƙauyen nan ba.

Da wannan bulon aka yi katangar wani gida a unguwarmu, yara na wasa a gindinta. Damina uku tana tsaye, ko tsaga ba ta yi ba. Duk ranar da hadari ya haɗo, sai in tsinci kaina ina kasa kunne ta wajenta. Ina roƙon Allah ya tsare yaran nan. Ina kuma roƙonsa ya yafe mini, don akwai wani gefe na zuciyata da yake so a ce wa Habu, ko sau ɗaya, ashe gaskiyarka ce.