Lamba Bakwai da Kunnen Gezani

A gandun dajin nan na gefen kogin Olifants, babu mai gadin da zai rataya bindiga ya shiga daji sai gidan harsashinsa ya bi ta kunnen Gezani Rikhotso. Bindigoginsu irin masu ɗana kansu ne: ka ja kunama bindiga ta tashi sau ɗaya, kafin ka ƙifta ido ta ɗauko harsashi na gaba daga ɗan akwatin da aka cusa mata ta ƙasa. Idan akwatin nan ya yi gardama, abin da ke hannunka ya zama sanda, ita kuwa ɓauna ba ta tsayawa mutum ya gyara.

Gezani yakan ɗauki gidan harsashi babu komai a ciki, ya danna harshensa da babban yatsa har ƙasa, ya kara a kunne, sannan ya sake shi a hankali yana sauraron sifirin na miƙewa. Yakan lumshe ido, ka rantse wani tsohon labari ake ba shi. Can sai ya ce, "Wannan yana waƙa," ko kuma ya yamutsa fuska ya ce, "Wannan tari yake yi." Kowanne yana da lamba da farin fenti a gindinsa. Dokarsa guda ce, kuma ko shugaban gandu bai isa ya sa baki ba: wanda ya cije sau biyu, a kai shi kan guntun ƙarfen dogo da ke bayan ɗakin makamai, a ba shi guduma.

Dalilin gudumar yana nan da ransa, yana dafa wa ma'aikata abinci. Sunansa Risimati, abokin Gezani tun suna kiwon shanu a ƙauye kusa da Giyani. Shekaru da yawa baya, Gezani ya jefa wani gidan harsashi a kwandon shara, Risimati ya gan shi sumul yana ƙyalli, ya ce wannan ai ɓarna ce, ya tsince shi ya sa a aljihu. Bayan mako uku yana sintiri ɓauna ta fito masa daga cikin ciyawa, ya cusa wanda ya tsinta ɗin nan, ya cije. Ya tsira da rai, amma ƙafar hagu ba ta sake miƙewa ba. Tun daga ranar Gezani bai ƙara jefar da ko ɗaya da ransa ba.

"Ni ne littafin dokarsa," in ji Risimati ga sababbin ma'aikata, yana bubbuga ƙafar da muciya. "Ku karanta ni da kyau, bugu ɗaya aka yi."

Shekara ashirin da huɗu Gezani ya yi yana sintiri da ƙafa kafin gwiwa ta zaunar da shi a ɗakin makamai. Duk tsawon shekarun da gidan harsashi ɗaya ya fi yarda, Lamba Bakwai, tsohon ƙarfe baƙi wanda ya zo tare da bindigar daga masana'anta. Shi ne a jikin bindigarsa ranar da wata ɓauna mai rauni ta taso masa a bakin kogi. Sau uku ya ja kunama, sau uku bindigar ta amsa, dabbar ta zube har ƙurarta na taɓa takalminsa. Ya dawo sansani, sai ya tarar da saƙo daga gida cewa matarsa Mthavini ta sauka, an sami 'ya mace. Suka sa mata Nyeleti. A wajen Gezani abubuwan nan biyu sun narke sun zama ɗaya, ba ya iya tuna ɗaya sai da ɗayan.

Da ya ajiye sintiri, sai ya naɗe Lamba Bakwai a wani tsumma mai mai, ya sa a aljihun teburinsa. Kowace safiya, kafin shayi, sai ya warware shi ya kara a kunne. Wata siririyar murya ce, tsaf, ba karce ba kakari. Da ya ji ta sai kogin ya dawo masa, da ƙamshin jiƙaƙƙiyar ciyawa, da shi kansa yana saurayi mai gwiwa biyu lafiyayyu.

A 'yan shekarun nan duniya ta yi masa wani irin laushi. Motoci sun daina ruri, sai dai su sulale su wuce. Ruwan sama kan kwanon ɗakin makamai ya koma sauka a hankali. Kurciyoyin da ke damunsa da kuka a kan ɓauren bayan ɗaki sun yi tsit, ya ce wa Risimati ai ƙaura suka yi, fari ne ya kore su. Mthavini sai ta kira shi sau uku kafin ya waiwaya.

"Baban Nyeleti, kai fa kurumta ke bin ka."

"Tunani nake yi, mace. Mutum ba zai yi tunani ba a gidansa?"

Mu ma'aikata da muke ganinsa kullum mun sani, shi ma Risimati ya sani. Shekara ashirin da huɗu na harbi ba tare da toshe kunne ba, ai dole su karɓi nasu. Amma wa zai kalli Gezani ya ce masa kunnensa ya tafi? Tausayi ya hana mu, kuma gaskiya tsoron bakinsa ma ya hana mu.

Ana nan sai masana'antar da ke ƙera gidajen harsashi na asali ta daina, tsofaffin kuma suna ta ƙarewa a kan ƙarfen dogo. Shugaban gandu ya je gari ya dawo da kwalaye uku na wasu maƙeran dabam, ya jibge wa Gezani ya ce ya zaɓa. Na kwali na farko gwangwani ne kawai, leɓensu na lanƙwashewa da yatsa, ko kallo na biyu bai yi musu ba. Na biyu ƙarfe ne mai nauyi. Na uku kuwa roba ce, ruwan ƙasa.

"Roba!" in ji Gezani. "Kofin shayi za mu cusa wa bindiga?"

"Kai ma ai haƙoranka na gaba roba ne, kuma ban ga naman da suka bari ba," in ji Risimati daga ƙofa.

Duk da raini, Gezani ba ya ha'inci a aiki. Ya yi musu abin da yake yi wa kowa: ya cika su ya sake su kan siminti daga tsayin ƙugu, ya binne su a yashin kogi ya kakkaɓe, ya shanya su a rana tun hantsi har la'asar, sannan ya ba samari su harbe kowanne cike sau uku yana tsaye yana kallo. Biyu daga cikin na ƙarfen suka cije. Na robar ko ɗaya bai yi gardama ba. Ya shafa musu lamba yana tsaki, ya ce dai ba su da murya, ya kara su a kunne bai ji komai ba, kuma shi abin da ba ya magana ba ya ba shi amana.

A wannan watan ne Nyeleti ta gama horon gadin daji. Yarinyar da ta tashi a ƙofar ɗakin makamai tana wasa da kwanson harsashi, ga ta yau da kaki da takalmi, an tura ta rukunin da ke sintiri da ƙafa a bakin kogi, inda ɓauna ta fi yawa. Ranar Litinin za ta fara. Gezani ya yi murna har ya kasa cin tuwon masararsa, kuma tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa ji wa kansa ba.

Ranar Asabar da hantsi ya kira ta ɗakin makamai. Ya jawo aljihun tebur, ya warware tsumman da hannu biyu.

"Ungo. Shi ya dawo da ni gida ranar da kika zo duniya. Shi zai riƙa dawo min da ke."

Nyeleti ta karɓa idonta ya ciko. Sai kuma hannunta ya yi abin da ya saba tun tana ƙarama: ta danna, ta kara a kunne, ta saki. Ta sake yi. Fuskarta ta sauya.

"Baba, yana karce."

"Me kika ce?"

"Karce yake yi," ta ɗaga murya. "Kuma yana tsayawa a tsakiya kafin ya ƙarasa."

"Ke! Jiya-jiya aka ba ki kaki, yau za ki koya min sauraro? Kawo nan."

Ya fizge shi, ya danna har ƙasa, ya kara a kunne, ya lumshe ido. Ga muryar nan kuwa, siririya, tsaf, kogi ya taso, ciyawa ta yi ƙamshi. Ya buɗe ido zai ce mata ta ji kunya, sai ya lura da babban yatsansa. Yana nan a danne. Bai sake shi ba tukuna. Sifirin bai motsa ba, amma shi ya riga ya ji waƙar daga farko har ƙarshe.

Ya daɗe tsaye yana kallon yatsan. Tun yaushe ke nan? Shekara biyu? Biyar? Ya tuna dukan waɗanda ya kara a kunne ya ce suna waƙa, ya miƙa wa 'ya'yan mutane suka shiga daji da su, sai ya dafa tebur.

"Ɗauko bindigarki," ya ce.

Suka fita filin gwaji, Risimati na biye yana jan ƙafa, ya bar tukunya a wuta. Nyeleti ta cika Lamba Bakwai ta cusa. Harbi na farko, na biyu, na uku, a na huɗu bindigar ta yi shiru, harsashi ya tsaya a karkace. Gezani ya ce ƙila ƙura ce, ya goge Lamba Bakwai da gefen rigarsa, ya hura, har da 'yar magana ƙasa-ƙasa da ya yi masa. Aka sake cikawa. Wannan karon a na biyu ya cije.

Risimati, wanda ba a taɓa rufe masa baki ba, sai kallon ƙasa yake yi.

"Baba, ba sai an fasa shi ba," in ji Nyeleti daf da kunnensa. "Ba ni shi in ajiye. Wallahi ba zan sa shi a bindiga ba, a aljihu kawai zan riƙa yawo da shi, don in ji kana tare da ni."

A aljihu. Gezani ya dubi ƙafar Risimati. Ya san yadda abin yake: ciyawa ta motsa, zuciya ta tsinke, hannu ya faɗa aljihu ya ɗauko abin da ya fara taɓawa. Kuma ya san 'yarsa, ba za ta taɓa barin shi a gida ba, saboda tana son ubanta. Ya koma ɗaki ya fito da huɗu daga cikin na robar, ya danƙa mata.

"Kara su a kunnenki. Me suke cewa?"

Ta gwada su ɗaya bayan ɗaya. "Sumul, Baba. Suna da murya, 'yar ƙarama ce."

"To. Daga yau duk wanda zai fita ɗakin nan sai an harba shi a gabana, kuma sai wani mai kunne ya saurara. Tsofaffin ma duk a dawo min da su gobe." Ya juya ga Risimati. "Kai kuma, munafuki, ka sani ka yi shiru."

"Na faɗa maka ya fi sau goma, mutumina. Ba ka ji ba ne."

Gezani ya kusa yin dariya. Ya ɗauki Lamba Bakwai ya zaga bayan ɗaki, ya kwantar da shi a kan ƙarfen dogo, farar lambar tana kallon sama. Ya shafa shi sau ɗaya da tafin hannu. Sannan ya ɗaga guduma da hannu biyu ya sauke.

Nyeleti ta toshe kunnuwa. Shi kuwa abin da ya iso masa wani ɗan dum ne daga nesa, da girgiza a kafaɗa. Sai inuwa ta gifta ta kansa, ya ɗaga ido. Kurciyoyi ne, sun fi hamsin, suka tashi fir daga cikin ɓauren, suka yi sama suna juyawa a hasken rana, ba tare da ƙarar fiffike ko ɗaya ba.

Ya tsaya da guduma a hannu yana bin su da kallo, hawaye na gangarowa cikin furfurar gemunsa.

"Ashe suna nan," ya ce.

"Kullum suna nan, Baba," in ji Nyeleti. Bai waiwayo ba, sai ta matso ta riƙe masa hannu.