Gudumar Farfesa Gerginov

Radka Vlaeva mace ce da tsoro ya zame mata jiki. Ofishinmu ɗaya a kwalejin koyon jinya ta garinmu, kuma ban taɓa ganin ta zauna ta ba ƙofa baya ba. Amma a aji babu kamarta. Ɗalibin da hannunsa ke rawa, idan ta tsaya kusa da shi tana magana ƙasa-ƙasa, sai ka ga ya sami jijiya a hannun robar da muke koyon allura da shi.

Wanda take tsoro shi ne shugaban sashenmu, Farfesa Gerginov. Kowa ma tsoronsa yake yi, har ni mai baki. Yana yawo da 'yar gudumar nan da likitoci ke buga gwiwar majiyyaci, sai dai shi tebur yake bugawa da ita. Ɗalibi na lalubar jijiya, sai ka ji ƙwas! "Ka kashe shi! Na gaba!"

Ana cikin haka doka ta sauko: duk malamin da bai buga maƙala a mujallar bincike ba, ba za a sabunta masa aiki ba. Radka ba ta da miji, ga uwa kwance a gida. Ta yi ta ramewa har siket ya fara juya mata a ƙugu.

Sai ta rubuta abin da ta sani. Ta daɗe tana lura da ɗalibai a ɗakin gwaji, ta ga waɗanda ake yi wa tsawa sun fi kuskuren allura nesa ba kusa ba. Ba ta ambaci kowa ba, ta dai ce "wani malami mai buga tebur da gudumar gwiwa". Daga nan ta yi abin da kowa ke yi a wurinmu tun zamanin iyayenmu: ta sa sunan shugaban sashe a gaban nata, don ladabi. Ba a tambaya, ba ya karantawa, haka aka saba. Ta aika wa wata mujallar ƙasar waje mai buga bincike kan koyar da ma'aikatan lafiya.

Wata safiya ta shigo ba ko gaisuwa, ta ajiye banitsarta, wainar cukun nan da muke karyawa da ita, a kan tebur ba ta ko gutsura ba.

"Nevena, na mutu."

"To Allah ya ji ƙanki. Ba ni banitsar."

"Ba wasa nake ba! Masu mujallar sun karɓa. Amma wai kowane marubuci sai ya tabbatar da kansa cewa ya karanta, ya kuma faɗi abin da ya yi a ciki. Sun tura masa!"

Yunwar ta bar ni nan take. Na ce, "Ke Radka, har gudumar kika sa?"

"Har gudumar."

"Kai, amma ke dai an yi wawuya mai ilimi."

Muka shiga jira. Ko takunsa muka ji a baranda sai ta miƙe tsaye. Ta fara kwashe littattafanta kaɗan-kaɗan a jaka tana kaiwa gida, wai kada ranar kora ta yi ta jigila a gaban ɗalibai. Na ji tausayinta ƙwarai, na kuma ji haushinta, don ni ma barci ya ƙaurace mini.

Ranar da Farfesa ya kira ta, na raka ta har bakin ƙofa na kasa kunne. Gudumar na kan tebur, in ji ta daga baya, maƙalar na gefenta.

"Malama Vlaeva, wannan aikin namu," ya ce, "ya yi kyau. Na gaya musu ni na tsara shi."

"Farfesa... kun karanta?"

"Har ƙarshe. Akwai malamai marasa imani a ƙasar nan. Je ki."

Har yau ba mu sani ba, bai gane kansa ba ne, ko ya gane sarai. Rashin sanin nan shi ya fi cin Radka. An sabunta mata aiki, ta raba mana cakulan kamar yadda ake yi, amma ita ko ɗaya ba ta ɗauka ba.

Maƙala ta fito, sunansa a gaba. Aka gayyace shi babban birninmu Sofiya ya yi lacca kan illar tsawa ga ɗalibi, ya tafi da Radka ta riƙa canza masa hotuna a allo. Ni ma ina cikin zauren. Yana tsaka da bayanin yadda tsoro ke sa hannu rawa, sai ta tsallake hoto ɗaya.

Ya dakata. Ya juyo ya dube ta yana murmushi, hannunsa ya tafi a hankali zuwa aljihun da gudumar take. Bai ciro ta ba. Radka ta yi ta neman maɓallin komawa baya, zaure cike da malamai suna kallo, yatsanta ya kasa samunsa.