Ranar da Na Shayar da Zarton Baba

A gidanmu na Dutsin-Ma, farkon shekarun sittin, lokacin sanyi ba a rufe magariba sai Kaka ta hura wuta a ƙofar ɗakinta. Mutuniyar Kurfi ce, ta dawo wurinmu bayan rasuwar kakanmu. Takan tura dankali cikin toka, mu kewaye ta, mu jikokinta da 'ya'yan maƙwabta, kafin a kira isha'i ta ba mu tatsuniya ɗaya ko biyu. Ba ta buɗewa yadda kowa ke buɗewa. Cewa take, "Ga baƙuwa nan tafe, ku matsa mata." Mu kuma mu amsa, "Ta zo ta ji ɗumi!"

Sunanta aka sa mini, shi ya sa Baba ba ya kiran sunana, sai dai Inna Ƙarama. Shekarata bakwai, kuma aikina a gidan shi ne ba kaji da awaki ruwa. Ina ji da aikin nan, wallahi, ko kazar maƙwabta na gani tana haki sai na bi ta da ƙwarya.

Baba malamin asibiti ne, amma in ya taso aiki hankalinsa na kan katako. Yana da wani ɗan zarto tun yana makaranta a Katsina, ƙarfensa a lanƙwashe kamar baka, abin yankan siriri kamar tsinken tsintsiya. Da shi yake yanka katakon akwatin shayi, ya fitar da tsuntsaye da gidan madubi masu huje-huje. Ba ya sayarwa, kyauta yake rabawa. Ƙotar zarton kuwa ba ta kanti ba ce. Mahaifinsa, wanda masassaƙi ne a Kurfi, shi ya sassaƙa masa ita da icen ƙirya, har gurbin yatsa ya yi mata. Ba wanda ke taɓa zarton nan a gidan.

Wata yamma ina tsugune ina kallonsa, zarton ya ƙi tafiya, sai gurza yake. Baba ya ɗaga shi ya duba, ya yi tsaki, ya ce, "Kai, ruwan zarton nan ya ƙare."

To ni ina na san bakin da ke yanka shi ake kira ruwa? Abin da na ji kawai, zarton Baba na jin ƙishi, kuma mai ba da ruwa a gidan nan ni ce. Washegari Baba ya hau keke zuwa Kutawa da Dabawa yin allurar lamba, zai kwana huɗu. Yana fita na ɗauko zarton, na nutsa shi a kwatarniya bayan rumbu, na ce masa, "Sha, ka ƙoshi." Kullum da safe ina ƙara masa.

Ranar da Baba zai dawo na ciro shi. Innalillahi! Ya yi jajir da tsatsa, nocin da ke riƙe bakin ya kafe. Na sa toka ina dirza da sauri, sai ji na yi ƙas, bakin ya rabu biyu. Na cusa shi ƙarƙashin gadon Kaka, na fito ina wanke hannu kamar ba ni ba.

Baba ya nema har cikin rumbu. Bai yi faɗa ba, kuma da ya yi da ya fi mini sauƙi. Tuwonsa ma rabi yake ci. Na ji yana gaya wa mahaifiyarmu, "Ba ƙarfen ya dame ni ba, dama ya tsufa. Ƙotar ce. Ita kaɗai ta rage mini daga hannun tsoho." Kwana biyu ina ta saƙawa ina kwancewa. In na faɗa, ina ganin Baba ba zai sake barina in zauna kusa da shi ba. In na yi shiru, ga shi yana ramewa a gabana.

A yamma ta uku Kaka ta hura wutarta, ta ɗaga murya ta ce, "Malam, zo ka sha ɗumi, yau har da kai." Bai saba ba, amma uwa ta kira, sai ya jawo tabarma ya zauna.

Ta ce wai an yi wani masassaƙi da ke abota da bushiya. Kullum tana gindin turmin da yake sassaƙa, tana kallo. Ran nan ta ji ya ce, "Gizagon nan ya daina ci." Tausayi ya kama ta. Ta ce a ranta, abin da ba ya ci ai mutuwa zai yi. Da ya tafi kasuwa, ta ja gizagon da ƙyar, ta tura kansa cikin tukunyar miyar kuka, tana lallashi, "Ci mana, ɗan uwa, ko loma guda." Gishiri da kanwa suka yi masa aiki, ya fito ba kyan gani. Bushiya ta binne shi, ta dunƙule, ta fito da ƙayoyinta. Masassaƙi na yawo yana kiran, "Ƙawata, ƙawata," ita kuwa ko hanci ta ƙi fitarwa.

Yara na ta dariya. Baba ma ya murmusa, ya ce, "Allah sarki, ai don so ta yi."

Kaka ta dube shi ta ce, "Ka ce mi?"

"Na ce don so ta yi, Inna."

"To, riƙe maganarka." Sai ta koma tonon dankali.

Muka ce, "Kaka, sai aka yi yaya?"

"Ina na sani? Bushiyar ba ta warware ba tukuna. Ga ta can tana kallon wuta."

Ai sai na fashe da kuka. Na ruga ɗakin Kaka, na jawo zarton, na ajiye gaban Baba, ina shessheƙa ina cewa, "Kai ka ce ruwansa ya ƙare!"

Ya dubi zarton, ya dube ni. Ya shafa ƙotar, ƙirya ce, ruwa bai yi mata komai ba. Sai dariya ta ƙwace masa, har rawaninsa ya kwance, yana share hawaye yana cewa, "Inna Ƙarama, kwana nawa ya yi yana sha?" Na ce huɗu. Kaka ta miƙo mini dankali mafi girma ta ce, "Baƙuwa ta tashi, a ba ta hanya."

Ranar Asabar ya bi motar Katsina, ya dawo da sabon zarto daga kanti, da bakuna a naɗe cikin takarda. Kafin ya yanka komai sai da ya cire jar ƙotar da ya zo da ita, ya sa ta ƙirya. Ya nuna mini siririn bakin ya ce, "Wannan shi ne ruwa." Sannan ya ɗora hannuna a gurbin yatsan kakanmu, hannunsa a kan nawa, muka fitar da wata karkatacciyar kurciya.

Na daɗe ina zaton don ni Kaka ta shirya tatsuniyar nan, don in faɗi gaskiya. Sai da na yi shekaru ina koyarwa a firamare, yara na kawo mini ɓarna kala-kala, na gane rabinta na Baba ne. Sai da ta sa ya yafe wa bushiya da bakinsa kafin ta bari ya ga zarton.

Ƙotar tana hannuna yanzu, an canja mata ƙarfe sau uku. Ƙawayena na tsokanata, wai Hajiya kafinta, ni kuwa ina yanka wa jikoki tsuntsaye abina. Watan jiya bakin zarton ya gaji, ina juya shi na ce, "Ruwan nan ya ƙare, sai an sayo sabo." Ban ankara ba sai ga jikata Safiya, 'yar shekara biyar, tana tahowa a hankali da kofi cike taf, riƙe da hannu biyu kada ya zube.

Na karɓa, na ce Allah ya yi mata albarka, na shanye tas.