Ƙullin Cibiya a Gwangwanin Shayi

Ranar da cibiyar 'yata ta faɗi, na naɗe ta a farin ƙyalle, na sa a tsohon gwangwanin shayi, na ɗora a kan firji. Inna ce ta ja mini kunne ta waya: in adana ta sai an sami mai zuwa gida, za ta binne ta a gindin lemun tsakar gidanmu a Gusau, inda tawa take da ta ƙannena. "Yarinyar da aka haifa a ƙasar mutane," in ji ta, "ko ba komai a san inda aka binne cibiyarta."

A unguwar Ard al-Liwa, a ƙasar Masar, muke zaune lokacin, hawa na huɗu, a wani lungu da ko rana sai ta yi da gaske take leƙowa. Maigidana ɗalibi ne, da safe ya fita sai la'asar. Shekarar ce gari ya rikice har aka sa dokar hana fita, saboda haka Inna ba ta sami zuwa ba. Jegona sai ya faɗa hannun maƙwabciyarmu, wata tsohuwa baƙa siririya da ƙofarta ke kallon tamu. Ranar da na fara ganinta a matattakala da Hausa na gaishe ta, na ɗauka tamu ce. Ta yi dariya ta ce ita 'yar Nuba ce, daga can kudu. Hajja nake ce mata.

Ni kuwa Allah ya yi ni da zargi. Ko kyauta aka ba ni sai na juya ta na duba ƙasanta. Matar nan ba dangina ba ce, ba ta karɓar komai, amma kullum da hantsi tana ɗakina tana dafa mini ruwan wankan jego, tana mita. "Ya binti, 'yata, wannan wanka ne ko dahuwa?" Maigida ma ya ba ta makullinmu ɗaya. Duk wannan bai kwantar mini da hankali ba, sai ma na riƙa tambayar kaina me take nema.

Idan ta ɗauki jaririyar, ba Larabci take mata ba. Wani yare ne nasu, a hankali, bakinta dab da kunnen yarinya. Na kai ƙara wurin maigida. Ya gyara zama kamar mai ba da darasi, ya ce ai Nubawa tsofaffin mutane ne, sun yi masarautu a bakin kogin Nilu tun zamanin Fir'aunoni, har sarakunansu sun taɓa mulkin Masar ɗin kanta, dalar da suka gina na nan tsaye a Sudan, kuma Musulmi ne kamar mu. Na ce masa ni ba tarihi na tambaye shi ba, so nake in san abin da ake raɗa wa 'yata.

Ɗakinta ma bai taimaka ba. Ta manna farantai na tangaran a bango saman ƙofa, ta zana dabino da jirgin ruwa da shuɗin fenti. A lungu akwai robar ruwa mai duhu-duhu da take zuwa har bakin kogi ta ɗebo, alhali ga famfo. Sau biyu ina karɓar yarinya daga hannunta in ji goshinta da danshi. Na sansana, ban ji komai ba, rashin jin ma ya fi tayar mini da hankali.

Wata rana tana goge firji ta ɗaga gwangwanin ta girgiza. "Mene ne a ciki?" A garinmu ba a nuna wa bare cibiyar yaro, an san abin da mugu zai iya yi da ita. Na ce, "Ba komai, Hajja, tarkace ne." Ta dube ni, ta mayar, ta ci gaba da gugarta.

Saura kwana biyu arba'in aka sami wata ɗaliba mai tafiya gida. Na sauko da gwangwani na buɗe, wayam. Na zazzage kicin, na ja firji, na kira maigida a waya yana tsakiyar aji, ya rantse bai taɓa ba. Mutum ɗaya ya rage. Na goya yarinya, ko mayafi ban yafa daidai ba, na buga ƙofarta da tafin hannu.

Tana zaune tana tsince adas, ɗan mitsitsin waken nan nasu, a tire. Na yi shirin ta musa, har na tanadi abin da zan faɗa. Ba ta musa ba.

"Ni na ɗauka. Shekaranjiya na kai ta kogi."

Larabcina ya gudu. Da Hausa na yi mata ihu, na ce ta ba 'yan ruwa 'yata, na ce dama na sani, na kira ta da abin da har yau nake jin kunyar rubutawa. Ta bar ni na gama, da yake ba ta ji ko kalma ɗaya ba. Sannan ta ture tiren.

"Kin ce tarkace ne," ta ce. "Na buɗe na gani. Wata guda tana kan firji kusa da ashana. Na ce yarinyar nan ba ta da uwa a kusa, ba ta da ƙasar da za ta haƙa, ba ta san yadda za ta yi ba, kunya ta hana ta faɗa. A ƙauyenmu kogi ake kai wa. A wanke wa jariri fuska, a jefa cibiya da 'yan dabino. Na yi bismilla na jefa, khalas, shi ke nan."

Na harhaɗo Larabcina na ce mata ina da gida, ina da uwa, akwai bishiyar da ke jira. Ta ce ba ta sani ba, ma'alish, in yi haƙuri, wallahi ba ta sani ba. Sannan ta ce ita tana budurwa aka gina babbar madatsar Aswan, aka kwashe su a jirgi aka kai su wasu gidaje a busasshiyar ƙasa, nesa da kogi. Uwarta ta share ɗaki, ta kulle ƙofa, ta rataya makullin a wuya, tana sane ruwa na zuwa. Gidan, da dabinon, da kabarin kakanninta, duk suna ƙarƙashin tabki.

"Ni ba ni da gindin bishiya, ya binti. Inda nake da shi na kai ta."

Da ina da hankali da na yi shiru. Amma raina a ɓace yake, kuma ina son ita ma ta ji zafi. Na ce, "Hajja, ruwan nan daga can yake zuwa, teku ya nufa. Ba za ta taɓa isa ƙauyenku ba."

"Na sani," ta ce. "Amma ruwan da ya karɓe ta sai da ya bi ta kan ƙofar gidanmu kafin ya iso nan."

Na miƙa hannu na ce ta ba ni makullina. Ta kwance shi daga zaren wuyanta, inda yake tare da wani tsohon makulli mai tsatsa, ta sa mini a tafi. Wankan kwana biyun da suka rage ni na dafa ruwana. Daga nan sai gaisuwar matattakala. Kafin shekara ta zagayo ɗanta ya zo ya tafi da ita kudu, ban ko taya ta ɗaure kaya ba.

Inna ta yi kuka da na gaya mata, ta ce laifina ne, ban musa ba. Har yau kuma ban bar zargi gaba ɗaya ba. Yarinyar nan ta tashi da son ruwa fiye da kima, duk lokacin da na tsamo ta daga baho sai in tuna robar nan mai duhu, in yi addu'a.

Bara muna Gusau, 'ya'yan ƙannena suna nuna wa 'yata gindin lemu, kowa na faɗin inda tasa take. Ta zo ta tambaye ni ina tata. Na ce tana Masar, a cikin kogi, wata tsohuwa ce ta kai ta.

"Kakata ce?"

Na dubi lemun nan, Inna na zaune a tabarma tana jina. Sannan na ce eh.